Bitrus Cire-Ɗaya da Ƙararrawar da Ta Ƙi Bugawa

"Duka ka ƙirga, ko ɗiba ka yi?"

Yauwa! Na san da jin wannan rabinku kun riga kun ji muryar: siririya, tana fitowa ta hanci, ga tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zaren auduga ya zamo kan karan hanci, ga yatsa ɗaya a sama kamar mai gwada iska. Malam Bitrus ke nan, Bitrus Cire-Ɗaya, akawun lissafi na ofishin gona da ke Funtua. Rabinku na ce ko? To Allah ya so ni ba ya nan, da yanzu ya tsayar da ni ya ce in kawo sunayen rabin.

Saratu matarsa ce ta ɗora mini wannan aiki. Da shekara ta zagayo da rasuwarsa ta aiko a kira ni, ta ce, "Sule, kai ne taubashinsa, kuma ofis ɗaya kuka yi aiki. Ka rubuta wani abu a karanta wa jama'a. Amma don girman Allah ban da ƙari." Na ce, "Saratu, in ban da ƙari ai sai dai in miƙa miki farar takarda." Ta ɗaga muciya. Na ce to, za a rage.

Ga waɗanda suka zo daga nesa: uwar Bitrus ƙanwar babana ce, saboda haka shi ɗan mace ne, bawana ne halak malak, kuma na gaya masa haka kullum har ya bar duniya. Babansa ya shiga mishan a wajen Malumfashi, mu muka tsaya a masallaci. Wannan bai hana komai ba. Ranar babbar Sallah shi ke fara sa hannu a soyayyen ragona, ranar Kirsimeti ni ke ganin ƙarshen shinkafarsa. Abu ɗaya ne ya raba mu: ni Allah ya yi ni da faɗaɗa magana, shi kuma ya yi shi da tsuke ta.

In na shigo ofis na ce, "Kai jama'a, jiya duk Funtua ta fito bikin gidan Sarkin Pawa!" sai in ji daga can lungu:

"Ni ban fito ba."

"To ban da kai."

"Saratu ma ba ta fito ba."

"Ban da ku biyu, bawana."

"Maigadin tasha fa? Na gan shi a bakin aikinsa."

Kafin a tashi aiki, duk Funtua ta koma mutum goma sha ɗaya da makaɗi, makaɗin ma ya ce sai na kawo shaida.

Wata rana muna dawowa daga Dandume bisa kekuna, muka tsaya wurin wata tsohuwa mai mangwaro. Ta ce, "'Ya'yana, duk masu zaƙi ne, kamar zuma. Ungo, ɗanɗana." Ta ɗauko wani ja daga sama ta miƙa masa. Bitrus ya ce, "Inna, wannan ai ke kika zaɓa. Bari in zaɓa da kaina." Ya rufe ido, ya zura hannu har gwiwar hannu cikin kwandon, ya zaro uku. Ya gatsi na farko, ya gyaɗa kai. Na biyu, ya gyaɗa kai. Na uku, fuskarsa ta tattare kamar bakin jaka.

"Inna, kin ce duka."

Tsohuwa ta dube ni. "Kai, wannan ɗan'uwan naka lafiyarsa ƙalau?"

"Haka aka haife shi, Inna."

Ta juya gare shi ta ce, "To Malam, mai son sanin duka sai ya kwashi kwandon ya je gida ya shanye. Wanda ya ɗibi uku kuwa, uku ya sani, sauran sai zato."

Bitrus ya cire hula. Wallahi ya cire hula! Ya ce, "Sule, ka ji? Wannan baiwar Allah ta fi hedikwata gane lissafi."

To hedikwatar nan ita ce asalin rigimar, kuma ita ce ta kusa cin aikinsa saura wata huɗu ya yi ritaya. Bari in warware muku.

A shekarun nan na farko bayan Turawa sun miƙa mulki, aka shiga gwajin sabon irin auduga a ƙasarmu. Aikinmu mu malaman gona shi ne, in kaka ta yi, mu shiga gonar manomi mu zaɓi kunyoyi uku ko huɗu, mu tsince audugarsu, mu auna ta kowace kunya daban a sikeli. Ba yawan audugar kawai ake nema ba. Ana so a san ko irin yana ba da amfani bai ɗaya, ko kuwa nan ya cika buhu can ya bar mutum da hamma. Wannan shi ake kira awon bambanci. Sai ka fitar da matsakaicin nauyin, ka duba tazarar kowace kunya daga matsakaicin, ka ninka kowace tazara da kanta, ka tara su, sannan ka raba. Amsa ƙarama, iri mai amana. Amsa babba, iri mai halin 'yan caca.

Aka aiko wa kowane ofis injin lissafi mai hannu, baƙi, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Shi ba ya iya rabawa kai tsaye. Ɗebewa yake yi: kana juya hannun baya, yana ta zare abin da ka sa masa, har ya ƙare ya zarce, sai wata 'yar ƙararrawa a cikinsa ta ce ƙyal! Nan ka san ka iso. Tare da injin aka haɗo ɗan littafin bayani mai koren bango. A shafi na bakwai aka rubuta: "Sai ka raba da yawan kunyoyin da ka auna." Shi ke nan. Ba wani ƙarin bayani.

Ranar da Bitrus ya karanta wannan jimlar, ya tashi tsaye kamar kunama ta harbe shi.

"Da yawan kunyoyin? Na wa? A wane hali?"

Na ce, "Bawana, zauna. Mutanen da suka ƙera injin ba su fi ka sani ba?"

"Injin ba shi da laifi, abin da ka ba shi yake niƙawa. Littafin ne ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi. In gonar duka ka auna, kunya bayan kunya har ƙarshe, to raba da yawansu, daidai ne. Amma mu ɗiba muke yi! Wanda ya ɗiba, sai ya cire ɗaya daga yawan kafin ya raba. Huɗu ka auna, ka raba da uku."

"Ɗayan ina ya tafi? Akuya ta ci?"

Ya zare tabarau ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa jakin da ya shiga masallaci. Ya ce, "Sule, matsakaicin nan da ka fitar, daga jikin kunyoyi huɗun ka fitar da shi. Ɗan gidansu ne, dole su zauna kusa da shi. Matsakaicin gonar duka yana can wani wuri, ba ka gan shi ba, kuma sun fi nisa da shi. Saboda haka tazarar da ka samu ta gaza gaskiya. In ka raba da uku maimakon huɗu, sai amsar ta ɗan kumbura ta matso kusa da gaskiya. Ɗayan nan da ka cire, girmamawa ce ga kunyoyin da ba ka taka ba."

Na gane? Ban gane ba. Amma na gyaɗa kai don a bar ni in ci ƙosaina.

Daga nan aka shiga wasiƙu. Bitrus ya rubuta wa hedikwata cewa a ƙara bayani a shafi na bakwai. Shiru. Ya sake. Shiru. Kun san shi da tsimi: bai taɓa amfani da sabon ambulan ba. In wasiƙa ta zo ofis, sai ya ɓare ambulan ɗin a hankali da wuƙar fiƙe fensir, ya juya cikinsa waje, ya sake liƙewa. Akwai wani ambulan da ya yi zuwa da dawowa har ya san hanya, in ka ajiye shi a tebur da kansa yake gangarawa wajen tasha. A ƙarshe amsa ta zo, jimla ɗaya tak: an gode, ana duba maganar. Bitrus ya karanta ya ce, "Mutum nawa ke dubawa?" Ya rubuta musu wannan ma.

Da ya ga shekara ta shuɗe ana ta dubawa, sai ya ɗauki hukunci a hannunsa. Ya yanka takardu ƙanana kamar faɗin yatsu biyu, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa na 'yan mishan: "In ɗiba ka yi, cire ɗaya kafin ka raba." Ya sa Saratu ta dama masa kunun rogo mai kauri ya zama gam, don sayen gam a wurinsa almubazzaranci ne. Ya hau kekensa duk Asabar, Bakori, Tsiga, Dandume, har Malumfashi, duk inda aka ajiye koren littafi sai ya liƙa masa takardarsa a shafi na bakwai.

Bayan sati uku ya koma Malumfashi duba aikinsa. Ya buɗe littafi, ba takarda, ba shafi na bakwai, ba rabin na takwas. Ɓeraye sun ji ƙamshin rogo sun yi walima.

Akawun can ya ce, "Malam Bitrus, ka ga abin da ka jawo."

Bitrus ya ce, "Aƙalla su sun karanta, har sun haɗiye. Kai fa?"

Ya dawo gida ya ce wa Saratu a sake damawa, amma wannan karon a zuba dakakken barkono. Ba kaɗan ba. Irin ƙananan nan da ko tsuntsu ke gaishe su daga nesa. Saratu ta ce tana damawa tana atishawa har maƙwabta suka leƙo ko wani abu ya faru. Ɓeraye kuwa suka tuba. Ku riƙe maganar barkonon nan, za mu dawo kanta.

Yanzu ga inda ni na shigo, kuma Saratu ta ce in ban faɗi wannan ba za ta faɗa da bakinta. Takardun Bitrus sun yi aiki fiye da yadda ya so. Malaman gona suka ɗauki cire ɗaya kamar wani farilla. Ko me za a raba, a cire ɗaya. A Tsiga muna da 'yar gonar gwaji, kunya goma sha biyu ce duka duka, kuma aka ce a faɗi bambancin da ke cikin wannan gonar kaɗai, ba wata ba. Na tsince su kaf, na auna su kaf, ko ƙulli ɗaya ban bari ba. Na zo kan injin, na cire ɗaya, na raba da sha ɗaya. Na kawo masa takardar ina taku kamar angon da aka yi wa kyautar doki.

"Bawana, duba nan. Ɗalibinka ya ƙware."

Ya duba. Ya sake dubawa. Yatsa ya tashi.

"Kunya nawa ne a gonar?"

"Sha biyu."

"Nawa ka auna?"

"Sha biyun."

"To wa ka bari a baya da kake girmamawa?"

Na hau sosa ƙeya.

"Sule! Wa ka bari? Aljanun gonar? Ka auna kowa, kowa ya zo, matsakaicin da ke hannunka shi ne na gaskiya, sannan ka cire ɗaya? Ni na ce muku baikon coci ne da ake fitarwa ko ana so ko ba a so?"

Na ce, "Yo ai kai ka rubuta."

"Na rubuta 'in ɗiba ka yi'! Ina ka kai 'in' ɗin?"

Ya zauna ya dafe kai. Can ya ce, a hankali, "Laifina ne. Na zargi littafi da faɗin rabin magana, ni ma rabi na faɗa." Wallahi sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji Bitrus ya ce laifinsa ne, har na duba waje ko hadari ya taso. Ya sake yanka takardu, ya ƙara jimla ta biyu: "In duka ka auna, raba da yawansu, kada ka cire komai." Ya sake hawa keke. Ya sake zagaye ƙasar. Da sabon gam, barkono ninki biyu.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon shugaban ofis, Malam Lawal, matashi, ya dawo daga karatu, wando guga kamar wuƙa, agogo yana walƙiya. Mutumin kirki ne, amma yana son komai a kan ƙa'ida. Kuma yana da wata ɗabi'a: in zai buɗe shafi sai ya lashi yatsa.

Kun ga inda muka nufa.

Ranar Litinin da hantsi ya ce a kawo masa koren littafin ya duba. Shafi na biyar, lasa. Na shida, lasa. Na bakwai, ya shafa takardar Bitrus yana mamaki, ya ɗan ɓanɓare gefenta da farce, ya kai yatsa baki. Jama'a! Ihun da ya yi, direban jirgin ƙasa ya ɗauka an ba shi hannu ya tashi. Malam Lawal ya fito da gudu yana fifita harshe da fayil, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa, "Ruwa! An sa mini guba! Ruwa!" Ya shanye randar ofis, ya nufi ta maƙwabta.

Da harshe ya huce aka yi bincike, aka gano koren littafi ko'ina a yankin yana ɗauke da takardar Bitrus. Sai ga takardar tuhuma: ɓata kayan gwamnati. An ba Bitrus kwana uku ya ɓare takardunsa duka ya rubuta neman gafara. In ya ƙi, kora, ba fansho, ba komai. Saura wata huɗu ya gama aikin da ya ba kusan shekara talatin.

Nan dariya ta tsaya. Saratu ta same ni a ƙofar gida da la'asar, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Sule, ka je ka yi wa ɗan'uwanka magana. 'Ya'ya biyu na makaranta, ga tsufa ya zo. A kan wata 'yar takarda zai zubar da mu? Ni na dama gam ɗin, ni zan jiƙa shi in ɓare da hannuna."

Na je na same shi yana fiƙe wani guntun fensir da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na ce, "Bitrus," ban ma ce bawana ba, "ka ɓare. In ya so bayan ka karɓi fanshonka ka koma ka liƙa."

Ya ce, "In na ɓare, bana za a aika wa hedikwata cewa sabon irin nan bai ɗaya yake bayarwa, alhali ya fi haka rawa. Su kuma su ce wa manoma su shuka shi ko'ina. Wanda gonarsa ke kan tudu ya zuba ƙarfinsa, ya tashi da rabin buhu. Wa zai je ya gaya masa wai jimla ɗaya ce ta ɓace a shafi na bakwai? Kai?"

Na koma na ce wa Saratu ta yi ta addu'a irin tasu, ni ma in yi irin tamu, ko ɗaya ta dace.

Rana ta uku Malam Lawal ya kira shi, ya ce ni in tsaya shaida. Ga takardar kora a tebur, ga alƙalami a buɗe.

"Malam Bitrus, kai sa'an babana ne, ba na son wannan abu. Maganar cire ɗaya na karanta ta a makaranta. Bambancin ƙanƙane ne, bai kai a yi wa littafin hedikwata ɗinki ba."

"Ranka ya daɗe, in kunya ɗari ake ɗiba, ƙanƙane ne. Mu huɗu muke ɗiba, wata rana uku. A raba tuwo tsakanin mutum huɗu da a raba shi tsakanin uku, tambayi Sule ko ƙanƙane ne."

Na ce, "Ba ƙanƙane ba ne, ranka ya daɗe." Gaskiya ce ta fito da kanta.

Bitrus ya ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo kafin ka sa hannu. Ka yi mini lissafin gona ɗaya da hannunka, yadda littafi ya ce. Ka san gonar tsoho Tanko da ke bayan ofis?"

"Kullum ta nan nake wucewa."

"Yaya take?"

"Gefen rafi auduga ta kai kafaɗata. Gefen tudu kuwa kaza ma tana leƙa ta ta sama."

"Madalla. Na ɗibi kunya ɗaya a ciki, ta ba da auduga mai nauyin laba tara. Matsakaicin kunya ɗaya nawa ne?"

"Tara mana."

"Tazararta daga tara?"

"Babu. Sifili."

"To raba da yawan kunyoyin, yadda shafi na bakwai ya ce."

Malam Lawal ya jawo injin, ya sa ɗaya, ya juya hannu. Juyi guda, ƙyal! Amsa sifili.

Bitrus ya ce, "To ka ji, ranka ya daɗe. Littafi ya ce gonar Tanko ba ta da bambanci ko na ƙwayar zarra. Gefen rafi da gefen tudu duk ɗaya. Sai a je a yi wa kazar nan bayani."

"Haba Malam Bitrus, wa zai ɗibi kunya ɗaya?"

"Littafin ya hana? Nuna mini shafin. Amma kada ka lasa."

Na cusa hula a baki.

"Yanzu yi ta hanyata. Ɗiba na yi, a cire ɗaya. Ɗaya ban da ɗaya?"

"Sifili."

"Raba da shi."

Malam Lawal ya sa sifili ya kama juyawa. Ƙurr, ƙurr, ƙurr. Ba ƙararrawa. To me za ta bugawa? Injin yana ɗebe babu daga babu, ba ranar da zai zarce. Ya ƙara sauri. Ya canza hannu. Ya cire agogo ya ajiye. Gumi ya jiƙa rigar gugar nan. Jirgin ƙasa ya shigo tasha, ya sauke kaya, ya ɗauki auduga, ya tafi, ana juyi. Ni da nake tsaye gemuna ya ƙaru da rabin taƙi. Saratu, na ji, na ji, an rage: minti biyar ne. Amma minti biyar masu tsawo.

Ya saki hannun yana haki ya ce, "Injin nan ya lalace."

Bitrus ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Cewa yake bai sani ba. Kuma gaskiyarsa, da kunya ɗaya ba mai iya sanin bambancin gona. Hanyar littafi kuwa ba ta taɓa cewa ba ta sani ba, nan take ta buga ƙararrawa ta ce babu bambanci. Ƙaryar da ta yi maka yanzu da babbar murya, ita take yi a kunya huɗu, sai dai a can raɗa take yi."

Malam Lawal ya dubi injin, ya dubi takardar kora, ya dubi tagar da ke kallon gonar Tanko. Sannan ya ninke takardar gida huɗu zai jefa a kwando. Bitrus ya yi wuf ya tare.

"Ranka ya daɗe, bayanta fari ne. Za ta yi takardun liƙi takwas."

Malam Lawal ya fashe da dariya har ya kwanta a tebur. Ya ce takardu su zauna, shi da kansa zai rubuta wa hedikwata da sa hannunsa, da jimlolin Bitrus guda biyu yadda suke. Sharaɗi ɗaya: ban da barkono.

"To ɓeraye fa, ranka ya daɗe?"

"A nemo kyanwa!"

Asalin baƙar kyanwar nan ke nan da kuka sani a ofishin Funtua, wadda ta fi wasunmu zuwa aiki a kan lokaci.

Bitrus ya yi ritayarsa lafiya, ya koma Tsiga yana noman dawa. Bayan shekara guda sai ga kwali daga hedikwata, sabon bugun koren littafi. Na buɗe shafi na bakwai, ga jimlolinsa biyu, baƙi a kan fari, ba gam ba rogo. Na ɗauki guda na taka keke har Tsiga ko numfashi ban yi ba. Tun daga ƙofar gida nake ihu, "Bawana! Fito! Ka ci su! An gyara littattafan duka!"

Ya fito da fartanya a kafaɗa. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta, leɓensa na motsi. Na ce yau dai zan ga Bitrus ya yi rawa. Sai yatsa ya tashi.

"Duka ka ƙirga, ko ɗiba ka yi?"

Washegari da safe sai ga shi a Funtua. Ya zauna a kujerarsa ta da, ya zazzage kwalin, ya buɗe kowane littafi a shafi na bakwai, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Ya mayar da su, ya ɗaure kwalin da igiyarsa, ya ce, "To." Abin da ya ce ke nan. Amma Saratu ta gaya mini tun daga bakin gari aka jiyo shi yana waƙar coci a kan keke, da muryar nan tasa, har karnuka suna amsawa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, na ga masu coci da masu masallaci, na ga malaman gona daga Malumfashi da Dandume, na ga Malam Lawal ya riƙe gefen akwatin bai damu da gugar wandonsa ba. Mutane suka yi ta cewa duk ƙasar ta zo. Ni, Sule, da aka sani, aka tambaye ni mutum nawa, na buɗe baki in ce dubu, sai na ji na kasa. Na ce, "Suna da yawa. Ban ƙirga ba."

Wannan da na ba ku ma ɗiba ce. Kunya uku ko huɗu na tsinto daga gonar mutum mai shekara sittin da wani abu, kuma ya riga ya koya mini cewa ɗiba kullum tana nuna gona ta fi ƙunci a kan yadda take. Saboda haka ku ƙara masa faɗi a zukatanku. Akwai kwanon tuwon da yake aika wa tsoho Tanko ba wanda ya sani, akwai jinyar da ya yi mini wata biyu ina kwance yana zuwa da kunu, wannan karon ba barkono. Sauran ni ma ban taka ba.

Ya Allah, kai kaɗai ne ba ka ɗiba, kai ka ga gonar tun daga gefen rafi har gefen tudu. Ka dubi bawanka Bitrus da rahama, ka yafe masa inda ya gaza, ka ba shi hutawa mai sanyi. Ka riƙa wa Saratu da 'ya'yanta. Mu kuma da muka rage, ka ba mu ƙarfin halin cewa ba mu sani ba a inda ba mu sani ba. Amin.

Ka huta, bawana. Yau ban yi ƙari ba sai kaɗan.